Furar da kake nema tana nan, lokacinta ne ka kuskure

Wani matashi ɗan asalin wani ƙauye a ƙasar Auyo ta jihar Jigawa, wanda ya tashi a Legas, ya aiko da wannan tambaya: "Baba, muna yara mahaifinmu yakan kawo mu gida duk Ƙaramar Sallah, tsakanin 2002 da 2005. Har yau ban manta da furar gidan kakata ba, da bandar kifi, da damben da ake yi a dandali. Na koma da Sallar 2025 bayan dogon lokaci, ban samu ko ɗaya yadda na bar shi ba. Abubuwan sun ƙare ne, ko ƙuruciya ce take ruɗa ni? Ina son in kawo 'ya'yana su san garinsu, amma ina tsoron su zo su ga babu komai."

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da gida, har kake da niyyar kawo yara. Ni aikin malamin gona na yi a wannan ƙasa har na ajiye, tsakanin Auyo, Kafin Hausa, Malam Madori da Kirikasamma, saboda haka abin da zan faɗa maka a gona da kasuwa da tsakar gida na samo shi. Ƙuruciya ba ta ruɗe ka ba, kuma yawancin abin da kake nema bai ƙare ba. Zuwa ka yi ba a lokacinsa ba.

Duba lissafin wata ka gani. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11, shi ya sa Sallah take zagayawa damina, bazara, hunturu da kaka, sai bayan wajen shekara 33 ta dawo inda ta taso. Ƙaramar Sallah ta 2002 farkon Disamba aka yi ta, ta 2003 ƙarshen Nuwamba, ta 2004 tsakiyar Nuwamba, ta 2005 farkon Nuwamba. Ke nan duk zuwan da mahaifinku ya yi da ku, cikin kaka ya sauke ku. An yanke gero an ɗaure, dawa tana shigowa gida, wake ya bushe, gyaɗa tana shanye, rumbu cike, ruwan kogi ya soma janyewa ya bar kifi a tafkuna, kowa da ɗan abin hannunsa. Ita kuwa Sallar 2025 ƙarshen Maris ta faɗo, a bakin bazara. Hatsi ya yi watanni a rumbu, ciyawa ta ƙare, shanu sun rame, zafi ya tsaya, samari da yawa suna wajen cin rani. Garin da ka tarar garinku ne, amma a ɗaya daga cikin lokutan ƙunci na shekara. In Ƙaramar Sallah za ka jira ta sake faɗowa cikin kaka, sai wajen 2034 zuwa 2037, lokacin yaranka sun girma. Kada ka jira. Hutun makaranta na Disamba ya dace da abin da kake so sarai.

Bari in tsaya a kan fura, don ita ka fara ambata.

Furar kakarka da sabon gero aka yi ta. Sabon gero yana da ƙamshi da ɗan maiƙon da yake rasawa in ya daɗe a ajiye, balle in ƙwari sun taɓa shi ko an zuba masa maganin ajiya. Za a surfa shi a turmi da ɗan yayyafin ruwa har dusa ta saki, a bakace, a wanke, a baza ya sha iska, sannan a daka shi da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono. A tankaɗe, a kwaɓa garin da ruwa kaɗan, a cura manya-manya, a jefa cikin tafasasshen ruwa. In ta dahu sai a mayar da ita turmi da zafinta, mata biyu su tsaya a kanta suna kirɓi, ɗaya tana tsoma hannu a ruwan zafi tana yayyafawa, har ta yi laushi da danƙo. Daga nan a cura ta ƙanana, a birkiɗa cikin gari don kada su manne da juna. Kirɓin nan shi ne rabin daɗin fura. Wadda ba ta kirɓu ba, in an dama za ka ji tsaki-tsaki a harshe, ruwa gefe guda, gari gefe guda. Wadda ta kirɓu, ludayi kaɗai ya isa ya narkar da ita cikin nono, ta bar 'yan gaya masu taushi a gindin ƙwarya, waɗanda yara suke rububi a kai.

Abin da kake samu yau a tasha daban ne. Inji ya niƙa geron, wani lokaci tsoho ne, a markaɗa furar da na'ura, a zuba sukari mai yawa da ƙanƙara. Tana kashe ƙishirwa, ban ce ba ta da amfani ba, amma ba ita kake nema ba.

Sai nono. Da damina da farkon kaka saniya ta ƙoshi, nononta mai kauri ne, man shanu yana araha. Kindirmo na gaskiya sai an dafa madarar, ta huce, a zuba mata ɗan tsohon nono a rufe ta kwana, da safe ka tarar ta kama, ludayi yana yankar ta. Da bazara kuwa abin da saniya take bayarwa bai kai ya kawo ba, ga ɗan maraƙi yana jira. Shi ya sa wasu masu sayarwa suke ƙara ruwa, su kaɗa farin garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri da tsami, wasu kuma su haɗa da madarar gari. Ba na saurin zarginsu, don na san halin da rugage suke shiga a watannin nan. Amma in a Maris ka sha, da wuya a ce ba irin wannan ka sha ba.

Maganar kifi ma haka take, sai dai a nan akwai canji na gaske. Kogin Haɗeja yakan cika a Agusta da Satumba ya malale fadamu. Kifi ya bi ruwan ya shiga ciyayi, ya hayayyafa, ya yi ƙiba. Daga Oktoba ruwa ya soma ja, kifin ya taru a tafkuna da kwaruruka, masunta su shiga. Lokacin ne tarwaɗa da ƙarfasa da ragon ruwa da kurungu da bargi suke cika kasuwa, abin da ba a sayar ɗanye ba a yi bandarsa. Banda mai kyau ba ta son wuta mai harshe. Garwashi ne da hayaƙi a hankali, ana juyawa, har ruwan jikin kifin ya tsane, fatarsa ta yi sheƙi. In za ka saya a kasuwar kifi ta Haɗeja, wadda har daga Kudu ake zuwa sari, ka ɗauki guda ka karya. In ta karye ƙas, cikinta a bushe, ƙamshin hayaƙi kawai kake ji, to ka saya. In gari yana zubowa, ƙwari sun shiga. In ka ji wari irin na maganin feshi, ajiye ka wuce, ko da mai ita ya rage maka kuɗi, domin akwai masu fesa magani don kada kaya su lalace, kuma wannan ba abin da za ka ba yaro ba ne. Ka kuma sani cewa yawancin gasasshiyar tarwaɗar da ake sayarwa a garuruwa yanzu ta kiwo ce, ɗanɗanonta ba ɗaya da ta kogi ba.

Canjin da na ce na gaske ne ya faro tun kafin a haife ka. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, dukansu a saman kogin nan. Ambaliyar da take shayar da fadamu kowace shekara ta sauya hali, ruwa kuma ya koma gudana har da rani. Kachala, doguwar ciyawar nan da take tsirowa a cikin ruwa, ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye wuraren su da na kiwo, tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya suna faɗa wa shinkafa. Wata shekarar kuma ruwan ya zo da yawa ya ci gonaki da gidaje, kamar yadda aka gani a 2022. A ɗaya ɓangaren noman rani ya bunƙasa, ga aikin ban-ruwa na kwarin Haɗeja nan a ƙasarku ta Auyo, ana shinkafa da alkama da kayan miya. Wannan ya juya tukunyar gidaje. A da tuwon shinkafa abincin Sallah ne da na babban baƙo, tuwon dawa da na gero da burabusko da dambu su ne na kullum. Yanzu shinkafa ta zama ta yau da gobe a gidaje da yawa, taliya ta shigo. To kai da ka zo a matsayin baƙo daga Legas, me kake tsammani za a dafa maka? Shinkafa da miyar tumatir, da lemon kwalba, don a girmama ka. Ba wanda zai kawo maka tuwon dawa da miyar kuka sai ka buɗe baki ka roƙa, kuma sai ka nanata, don da farko za su ɗauka kara kake yi musu.

In ka roƙi miyar kuka, ka roƙi a sa daddawar kalwa. A ganina babu abin da ya rage wa miyarmu daraja irin raguwar ɗorawa. Kalwa ita ce ƙwayar 'ya'yan ɗorawa. Sai an dafa ta kusan wuni guda, a sussuke ɓawon, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta da ganye kwana biyu zuwa uku ta ruɓa yadda ake so, sannan a kirɓa, a fyaɗa, a shanya. Aiki ne mai cin itace da haƙuri. Itatuwan ɗorawa kuwa an sare da yawa, ba a dasa wasu ba, kuma ba itace ba ce da za ka dasa bana ka ci baɗi. Mata suka koma daddawar waken suya, mafi yawa kuma ɗan dunƙulen kanti. Har yanzu kowane gari yana da tsohuwa ɗaya ko biyu da aka sani da daddawa ta ainihi, matan gidanku sun san ƙofarta. Ita ma kukar, wadda aka tsinka ƙarshen damina aka shanya a inuwa ita ce mai kore da yauƙi, kuma a Disamba sabuwa ce.

Man gyaɗa da ƙuliƙuli su ma sun yi baya, amma wannan tsohon labari ne. Jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru, wanda ya isa Nguru a 1930, shi ya raya Malam Madori, har dalar gyaɗa aka yi a garin. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan noma, riɗi ya maye gurbi a gonaki da yawa. Ana soya ƙuli har gobe, sai dai ka tambayi gidan da suke matse mai da kansu. In ka samu, ka sa a yi muku kwaɗon zogale ko na rama da shi, a kuma nemo wa yara kantun riɗi.

Ka lura ina ta cewa "ka tambayi gida". Wannan shi ne abin da mutumin birni yake mantawa. A ƙauye wuraren abinci ba su da allo a ƙofa. Gidan mai waina, gidan mai ɗanwake, gidan mai fura, gidan mai alkaki da nakiya na biki, duk a cikin lungu suke, matan aure ne da tsofaffi suke yi a tsakar gidajensu, kuma kowanne da sa'arsa. Koko da ƙosai daga fitowa sallar asuba zuwa hantsi, in rana ta ɗaga an kwashe kasko. Ɗanwake da hantsi. Fura da azahar. Dambu da yamma. In ka shigo gari da mota tsakar rana ka tsaya bakin titi kana dube-dube, mai shayi da mai taliya kawai za ka gani, ka koma ka ce gari ya mutu. Ka samu yaro ɗan gida ka ba shi kwano, ka bi shi a baya, ka tsaya daga zaure.

Nama kuma sai ranar kasuwa. A ƙaramin gari ba kullum ake yanka ba, mahauta ranar kasuwa suke jira. Ranar ce za ka ga an kafa tukuba, an jera tsire kewaye da wuta, an barbaɗe shi da garin ƙuli, ga balangu yana ɗiga, ga ragadada a tukunya. Kilishi ma da hunturu ya fi kyau, don iskar tana busar da shi da wuri. In ta hanyar Ringim za ka shigo daga Kano, ka daidaita tafiyarka ta faɗo Lahadi, ka tsaya kasuwar Gujungu. In ta Dutse ka biyo, Shuwarin ranar Litinin take ci. In kana son yara su ga abin da ba za su manta ba, ka ware Alhamis ka kai su Maigatari a bakin iyakar Nijar, su ga raƙuma da shanu da tumaki iya ganinsu. Amma kada manyan kasuwanni su ɗauke maka hankali daga 'yar kasuwar ƙauyenku. A can ne za ka ga Fulani mata a gindin bishiya da ƙorai a jere, an rufe da faifai, a can ne za ka sayi magarya da kurna da kanya da aduwa da goruba a gwangwani, da rake, da dafaffiyar gurjiya, da soyayyar fara mai yaji. Tumu kam ba za ku same shi a Disamba ba, sai ƙarshen damina lokacin da gero ya yi ido bai bushe ba.

Damben da ka tambaya, shi da kokawa, wasannin kaka ne tun asali. Sai an kawar da amfanin gona, ciki ya ƙoshi, aljihu ya yi nauyi, sannan makaɗa suke fitowa, 'yan dambe su bi gari-gari, a yi kalankuwa, a yi bukukuwan aure. Ba mai ɗaure hannu a bazara yana tunanin abin da za a ci gobe. A shekarun ƙuruciyarka kuma abubuwa biyu ne suka faɗo lokaci guda: wasannin kaka, da tashe, wanda na azumi ne, daga goma ga wata yara suke fara zagaya gidaje. Yanzu sun rabu, kowanne yana zuwa a nasa lokacin. Hawan Sallah da Sallar Gani a Haɗeja da Gumel su ma wata suke bi, in kana son yara su ga dawakai sai ka yi musu tafiya ta daban.

Ba zan ɓoye maka ba, dandali ya yi rauni. Gaɗa da langa da tatsuniyar dare sun ragu ƙwarai, samari suna gidan kallon ƙwallo, kowa da waya a hannu. Wannan yana damuna, domin a dandali ne yaro yake koyon harshe da karin magana da sanin na gaba da shi. Mu mutanen ƙasar Auyo mun fi kowa sanin cewa abu yana iya ɓacewa gaba ɗaya, tunda harshen Auyakawa kansa babu mai yin sa yau. Amma akwai abin da ba na so ka yi kewarsa. Dakan da ka ji yana tashi tun asuba yana yi maka daɗin ji, matan da suke yin sa kullum tafin hannunsu ya yi kanta, bayansu ya ƙage tun ba su tsufa ba. Injin niƙa rahama ne a gare su. Haka yarinyar da take kawo muku fura a ka, da yawa irinta yanzu suna aji a wannan sa'ar, kuma nan ya kamata su kasance. Saboda haka in kana son furar turmi, ka san alfarma kake nema, ka nema da ladabi, ka kuma yi abin da ya dace.

Ga yadda nake ganin za ka yi. Ka aika wa goggonka ko wadda take riƙe da gidan saƙo tun da sauran mako guda, ka faɗa mata ƙarara abin da kake marmari, ka haɗa da kuɗin sabon gero da kayan yaji da itace, da na waɗanda za su taya ta aiki. Ka ce a yi wa wata Bafulatana da aka saba da ita magana ta ajiye muku kindirmo. Kada ka yi zuwan kwana biyu. Ka zauna aƙalla mako guda, don ranar kasuwa ta same ku, a kuma daina kallonku a matsayin baƙi, a soma zuba muku abin da gida yake ci. Ranar da kuka sauka ka ɗauki yaran ku gaida bulama da liman da tsofaffin dangi ɗaki-ɗaki, da 'yar tsarabarka, goro da sabulu da turmin atamfa ga wadda ta cancanta. Ka koya musu durƙusawa da amsa gaisuwa tun a Legas, ko da Hausarsu ba ta nuna ba. Abincin gidan dangi ba a biyan kuɗinsa, in za ka yi alheri ka bari sai ranar tafiya.

Kada ka bar su suna kallo daga kan tabarma. 'Yarka ta kama taɓarya ko sau goma ne, ta cura fura da hannunta. Ɗanka ya bi 'yan'uwansa kai wa awaki harawa, ya hau amalanke zuwa gona, ya ga yadda ake shiga rumbu. In akwai mai rakiya, ka kai su Baturiya ta wajen Kirikasamma da sassafe, lokacin ne tsuntsayen da suke tasowa daga Turai suke sauka a fadamun. Da daddare ka roƙi wata tsohuwa ta yi musu tatsuniya, za ta ce ta manta, ka ƙara roƙo, in ta yarda ka ɗauki muryarta a waya.

Cikin yaran bai saba ba, don haka ruwan sha a tafasa musu, nono kuma wanda aka dafa madararsa za su sha, ban da ɗanye. Ka zo da gidan sauro, kusa da fadama sauro ba ya ƙarewa ko da sanyi, da rigunan sanyi da man shafawa saboda hunturun nan ba irin na Legas ba ne. In za ku koma, curarriyar fura ba ta jure doguwar tafiya, za ta yi tsami a hanya. Ka sa a daka maka garinta da kayan yajinsa a shanya ya bushe sosai, matarka ta riƙa curawa tana dafawa a can. Daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa suna yin watanni in ba su ji danshi ba. Bandar kifi kuma a kwali za ka sa ta, ba a leda ba, in kun isa a sake ɗora ta a wuta kaɗan kafin a ajiye, don iskar bakin teku tana saurin sa ta fumfuna.